Ƙwayar da Aka Ce Kada Ta Buɗe Sai Ta Kai Babban Hanji: Nazarin Mesalazin da Rufin Eudragit S

Ciwon kumburi da gyambon babban hanji, wanda likitoci ke kira alsaretib kolaitis, daga dubura yake farawa ya haura sama, kuma a babban hanji yake tsayawa. Mai shi yana fama da gudawa mai jini da majina, da murɗar ciki, da matsuwar bayan gida wadda ba ta jiran kowa. Yakan lafa na watanni, a ce an rabu, sai kuma ya taso. Idan bai yi tsanani ba, maganin da aka fi farawa da shi shi ne mesalazin, wanda a takardun kimiyya ake rubuta shi 5-ASA.

Mesalazin ba ta jini yake aiki ba. Sai ya taɓa fatar hanjin da ta kumbura sannan yake amfani. Ga shi kuwa babban hanji shi ne zango na ƙarshe a cikin mutum. In aka haɗiyi maganin haka nan babu rufi, farkon ƙaramin hanji zai tsotse mafi yawansa, bangon hanji da hanta su juya shi zuwa wani sinadari marar aiki, ƙoda ta fitar da shi a fitsari. Abin da zai isa wurin ciwon bai taka kara ya karya ba.

Wannan nazari ya bi diddigin dabara ɗaya da aka yi don warware matsalar, wato lulluɓe ƙwayar da wata polima, wani irin roba mai suna Eudragit S, wadda ba ta narkewa sai tsamin da ke kewaye da ita ya ragu zuwa wani ma'auni. Dabarar ta yi aiki, miliyoyin mutane sun sha ƙwayar. Amma dalilin da ya sa take aiki ba shi ne wanda aka fara zato ba, kuma wuraren da take gazawa sun fi nasarar tata koyar da darasi game da irin waɗannan kayan.

Yadda aka gano wane ne mai aikin

A ƙarshen shekarun 1930, wata likita 'yar Suwidin, Nanna Svartz, ta Cibiyar Karolinska da ke Stockholm, tana neman maganin amosanin gaɓɓai. A zamanin ana zaton ƙwayoyin cuta ne ke kawo shi. Don haka ita da kamfanin Pharmacia suka haɗa abu biyu a jiki ɗaya: sulfapiridin mai kashe bakteriya, da 5-ASA, ɗan uwan asfirin, mai kwantar da kumburi. Aka ɗaure su da wani haɗi na naitirojin biyu da ake kira azo, aka samu sulfasalazin. A 1942 ta wallafa sakamakonta, kuma cikin waɗanda suka ji sauƙi har da masu ciwon babban hanji.

An shafe shekara talatin ana rubuta wannan magani ba tare da an san yadda yake aiki ba. A 1972 Peppercorn da Goldman suka nuna cewa bakteriyar hanji ce ke tsinka haɗin azo, ta raba sinadaran biyu. Sai a 1977, a Oksfod, Azad Khan da Piris da Truelove suka yi gwajin da ya raba gardama. Suka ɗura wa marasa lafiya magani ta dubura: wasu sulfasalazin cikakke, wasu sulfapiridin kaɗai, wasu 5-ASA kaɗai. Masu 5-ASA suka samu sauƙi daidai da masu cikakken maganin, masu sulfapiridin kuwa suka kasance a baya.

Ashe sulfapiridin ɗan rakiya ne. Amfaninsa kawai shi ne ya hana a tsotse 5-ASA a hanya har su isa inda bakteriya take da yawa. Kuma mafi yawan wahalar da masu shan maganin ke sha daga gare shi take: ciwon kai, tashin zuciya, ƙuraje, fashewar jajayen ƙwayoyin jini ga wasu, da raguwar ƙwayoyin haihuwa a maniyyin maza, wanda ke komawa daidai in an daina sha. Tambayar da ta rage ita ce yadda za a kai 5-ASA babban hanji shi kaɗai.

Polimar da yadda take jin tsami

Amsar tana nan tun da daɗewa a Darmstadt ta ƙasar Jamus. Kamfanin Röhm & Haas, wanda ya yi suna da gilashin roba na Plexiglas, ya fitar da Eudragit L da Eudragit S a 1954 don rufe ƙwayoyin magani kada ruwan tumbi ya taɓa su. Yau kamfanin Evonik ne ke sayar da su. Tunanin kare magani daga tumbi ya girmi wannan da nisa, domin tun 1884 likitan fata Paul Unna na Hambag yake shafa wa ƙwayoyi keratin. Abin da polimar roba ta ƙara shi ne iko a kan inda rufin zai narke.

Ana auna tsami da pH, ma'aunin da Sørensen ya kawo a 1909 a Kofenhagen. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki, duk abin da ya yi ƙasa da ita ya fi tsami. Kowane mataki ɗaya ninki goma ne na yawan ayon ɗin haidurojin. Saboda haka tsakanin 6.5 da 7.0, da ake gani kamar ba komai a takarda, akwai bambancin kusan ninki uku.

Polima doguwar sarƙa ce ta ƙananan sinadarai, sama da dubu a jere. A Eudragit L da S iri biyu ake cakuɗawa a sarƙar: metil metakirilet da asid ɗin metakirilik. Na farkon ba ya son ruwa, kuma bai damu da tsami ba. Na biyun yana da wani reshe, kaboksil, wanda ke riƙe da haidurojin guda da zai iya saki. A cikin tumbi, inda haidurojin ya cika ko'ina, reshen yana riƙe da nasa. Ba shi da cajin lantarki, sarƙoƙin suna manne da juna, ruwa ba ya samun hanyar shiga. Da zarar tsami ya ragu, rassan sai su fara saki, kowanne ya rage da cajin nagetif. Masu caji iri ɗaya ture juna suke yi. Ruwa ya kutsa tsakani, fuskar rufin ta kumbura ta yi laushi, sarƙoƙin su warware ɗaya bayan ɗaya su bi ruwa.

Bambancin L da S a lissafi yake. A L, duk asid ɗaya yana da abokin zama ɗaya marar son ruwa. A S, asid ɗaya ne ga biyu. Tunda masu jan sarƙar zuwa ruwa sun yi kaɗan a S, sai kaso mafi girma daga cikinsu ya samu caji kafin ta motsa, wannan kuma yana buƙatar tsami ya ƙara raguwa. Shi ya sa L ke narkewa daga pH 6.0, S kuwa daga 7.0. Akwai kuma L 100-55 da ke farawa daga 5.5. Wanda ya san wannan lissafi yana iya zaɓar lambar da yake so ta hanyar sauya adadin kayan haɗi, kuma wannan sauƙin ne ya jawo hankalin masu haɗa magunguna.

Gwajin Kadif

A farkon shekarun 1980, a Kadif ta yankin Wales, likitan hanji John Rhodes da masanin harhaɗa magunguna Brian Evans da abokin aikinsu Michael Dew suka ɗauki Eudragit S. Tunaninsu a miƙe yake: tsami yana raguwa ne yayin da ake gangarawa cikin hanji, saboda haka rufin da ke jiran pH 7 zai kai can ƙasa kafin ya buɗe. Suka cika kafso da bariyam, wanda ke fitowa fari fat a hoton eksire, suka rufe shi da polimar, suka bi shi da hotuna. Mafi yawan kafson sun kai ƙarshen ƙaramin hanji ko babban hanji kafin su fashe. A 1982 suka wallafa wannan, tare da gwajin da ya nuna ƙwayar 5-ASA mai rufin tana riƙe ciwon a kwance kamar yadda sulfasalazin ke yi.

Daga nan aka samu Asacol, ƙwaya mai miligiram 400 da rufin da kaurinsa yake wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita. A 1987 Schroeder da Tremaine da Ilstrup na asibitin Mayo a Amurka suka gwada ta a kan masu ciwon da ya taso. Cikin waɗanda suka sha giram 4.8 a rana, kashi 24 cikin ɗari sun samu cikakken sauƙi, kashi 50 sun samu rabin sauƙi. Cikin masu shan ƙwayar bogi, kashi 5 ne da kashi 13. Ma'aunin tsananin ciwon da suka yi amfani da shi a wannan gwaji shi ne ake kira makin Mayo, har yau da shi likitoci ke aiki. Hukumar FDA, mai kula da abinci da magunguna a Amurka, ta amince da ƙwayar a 1992.

Taswirar da ta zo daga baya

Abin mamaki, sai da ƙwayar ta shiga kasuwa a Turai sannan aka samu cikakken awon pH na hanjin mutum mai lafiya yana yawonsa. A 1988 masu bincike a Nottingham suka ba mutum 66 wani ɗan kafso mai aiko da saƙon rediyo, ya riƙa faɗin pH a duk inda ya kai. A tumbi an samu 1.0 zuwa 2.5. A farkon ƙaramin hanji, matsakaici 6.6. A ƙarshensa, 7.5. Da kafson ya tsallaka cikin babban hanji, lambar ta faɗo zuwa 6.4, sannan ta riƙa hawa a hankali har 7.0 a ɓangaren hagu. Wani awon da Fallingborg ya yi a Denmak a shekara mai bi ya samu abin da ya fi haka ƙasa a farkon babban hanji, wato 5.7.

Dalilin faɗuwar shi ne bakteriya. A farkon babban hanji take cinye ragowar abincin da jiki bai narkar ba, musamman harza da sitaci, tana fitar da ƙananan asid irin su asetet, furofiyonet da butiret. Wurin da ake son magani ya isa ya fi wurin da ke gabansa tsami.

Wannan ya sauya ma'anar abin da ake gani a hotunan eksire. Rufin da aka sayar a matsayin mai buɗewa a babban hanji, a haƙiƙa ƙarshen ƙaramin hanji ne ke buɗe shi. A can ne kawai pH ke haura 7 yayin da akwai ruwan da zai narkar da shi. Ƙwayar tana kama da direban da aka ce ya sauke kaya a wata mahaɗa a kan titin da ba a juyawa: in ya wuce ta da kayan a mota, sai dai ya yi ta tafiya da su. In rufin bai tsage ba kafin ta shiga babban hanji, tsamin can zai mayar wa rassan kaboksil haidurojin ɗinsu, narkewa ta tsaya cik. Dama ta biyu tana can ɓangaren hagu inda pH ke komawa 7, amma a nan hanji ya riga ya shanye ruwa, abin da ke ciki ya fara tauri. Ko ta buɗe a can, ta riga ta wuce rabin wurin da ake so ta yi wa aiki.

Nawa ne lokacin da ƙwayar ke da shi? Ratsa ƙaramin hanji gaba ɗaya kan ɗauki awa uku zuwa huɗu, kuma wannan bai cika sauyawa ba. Abin da ke sauyawa shi ne zaman da ƙwaya ke yi a mahaɗar ƙaramin hanji da babba kafin a tura ta. Wani lokaci takan yi awanni a wurin, wani lokaci kuma cin abinci ya motsa hanji ya ingiza ta nan take. Tsawon wannan zama ne ke yanke hukunci, kuma babu wanda ke da iko da shi, daga mai haɗa magani har mai shansa.

Ɓawo a cikin bayan gida

Shaida mafi sauƙin gani ba ta buƙatar na'ura. Masu shan ƙwayar sukan ga wani abu ja-ja mai ruwan ƙasa a bayan gidansu, da siffar abin da suka haɗiya jiya. Abu biyu ne ke iya faruwa, kuma ba ɗaya ba ne. Wani lokaci ɓawo ne kawai: rufin ya tsage ta gefe, maganin ya fita, sauran rufin ya faɗa cikin tsami bai ƙarasa narkewa ba. In aka danna shi zai lotsa, babu komai ciki. Wannan ba asara ba ce. Wani lokacin kuma ƙwayar ce sukutum, da tauri, da maganinta a ciki. Takardar da ke rakiyar Asacol a Amurka ta ambaci cewa an samu rahoton ƙwaya cikakkiya ko mai rabin buɗewa ga kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na marasa lafiya a gwaje-gwaje, ta kuma ce wanda ya ga haka a kai a kai ya gaya wa likitansa. A ganina wannan adadi ƙasa yake da gaskiya, domin waɗanda suka duba suka kuma faɗa kawai ya ƙirga.

Mai ciwon da ya taso shi ne ya fi shiga wannan hali, tunda gudawa tana gaggauta komai. A 1993 Fallingborg ya auna wasu 'yan marasa lafiya masu ciwon a tashe, ya samu uku daga cikinsu da pH 2.3 da 2.9 da 3.4 a farkon babban hanji, tsamin da ya kusa na tumbi. Ana yawan kawo wannan sakamako, amma ya kamata a yi taka-tsantsan da shi: mutanen kaɗan ne, kuma wasu masu bincike daga baya sun samu pH daidai da na masu lafiya ko ma sama da haka. Abin da aka fi yarda a kai shi ne pH na ƙaramin hanji bai cika lalacewa a wannan ciwo ba. Shi ya sa ƙwayar ke buɗewa ga mafi yawan mutane. Tsamin babban hanji yana zama matsala ne kawai ga ƙwayar da ta iso a rufe.

Ba marasa lafiya kaɗai ba. A Makarantar Harhaɗa Magunguna ta Landan, rukunin Abdul Basit, da Ibekwe a gaba, sun bi ƙwayoyi masu rufin Eudragit S da hoton gama, wani hoto mai nuna inda ƙwaya take a cikin jiki, a cikin mutane masu ƙoshin lafiya. Sun ga wasu sun fita ba su fashe ba, kuma sun nuna cewa lokacin cin abinci da tsawon zama a ƙarshen ƙaramin hanji suna da hannu a ciki tare da pH. Wato mutum na iya kai pH 7 ɗin da ake nema, ƙwayar ta ƙi buɗewa duk da haka.

Abin da kwalbar gwaji ta ɓoye

A nan ne lamarin ya fi ba da sha'awa, domin a ɗakin gwaji waɗannan ƙwayoyi ba sa faɗuwa jarrabawa. Ƙa'idar kundin magunguna na Amurka ta ce a sa ƙwayar cikin asid na awa biyu, sannan a ruwan fosfet mai pH 6.0 na awa ɗaya, sannan a mai pH 7.2. Kwalba ce mai zagayayyen gindi, ruwanta ya kusa lita ɗaya, da ɗumin jikin mutum, da wani filafili yana juyawa a tsakiya. Awa uku ƙwayar tana zaune a gindi ba ta ko gezau. Da an sauya ruwa zuwa na uku, bayan ɗan lokaci fuskarta ta yi santsi, gefe ya tsage, garin magani ya taso kamar hayaƙi. Kullum haka.

Hanji ba shi da lita guda na ruwa. A 2005 Schiller da abokan aikinsa a Jamus suka auna da na'urar MRI, suka samu matsakaicin mililita 105 a ƙaramin hanjin mutumin da bai ci komai ba, da mililita 13 kacal a babban hanji. Ruwan ma ba a haɗe yake ba, 'yan guraben ne nan da can, ƙwaya na iya yin tafiya mai nisa ba ta shiga ko ɗaya ba.

Sai kuma batun irin ruwan. Duk reshen kaboksil da ya saki haidurojin, a fuskar ƙwayar yake sakinsa. Haidurojin ɗin suna taruwa a wani siririn shimfiɗin ruwa da ke manne da rufin, su ƙara masa tsami. Sai ka ga ruwan da ke nesa yana 7.2, amma wanda polimar ke taɓawa ya yi ƙasa da haka, polimar kuwa abin da ta taɓa take ji. Da narkewarta take kashe narkewar kanta, sai in akwai wani sinadari a ruwan da zai riƙa kwashe haidurojin ɗin da sauri. A kwalba, fosfet mai ƙarfi ne ke wannan aiki, kuma yana yin sa da kyau ƙwarai. A hanji baikabonet ne, ga shi bai kai yawan fosfet ɗin kwalba ba, ga shi kuma hanyarsa ta kwashe haidurojin tana bi ta juyawa zuwa iskar kabon dayoksaid da ruwa, matakin da ke da nawa. Da Fadda da Basit suka maimaita gwajin a ruwan baikabonet mai pH iri ɗaya, jinkirin buɗewa ya ƙaru sosai, kuma ƙwayoyin kamfanoni daban-daban da suka yi kama da juna a fosfet suka rabu. Mesalazin ɗin kansa asid ne, in danshi ya shiga ciki yakan ƙara wa rufin tsami ta baya.

To lambar 7.0 da ake rubuta wa Eudragit S ba ƙarya ba ce, amma lamba ce da aka samo a wani irin ruwa, da wani yawa, da wani gudun juyawa. Duk mai karanta rahoton sabuwar polima mai jin pH, ko ta hanji ce ko ta irin ƙananan ƙwayoyin da ake fatan su saki magani a cikin ƙarin ciwon daji, tambayar farko da ya kamata ya yi ita ce a wane ruwa aka gwada. A hanji ana wasa da tazara daga 1 zuwa 7.5, duk da haka ga irin wahalar da aka sha. Tsakanin jini mai 7.4 da kewayen ƙari, wanda yakan kasance tsakanin 6.5 da 6.9, tazarar ba ta kai mataki ɗaya ba.

Wani aibi da ba na pH ba

Eudragit S ita kaɗai tana da gautsi, in ta bushe tsagewa take. Dole a haɗa ta da sinadarin da zai sa ta yi laushi. A Asacol na farko wannan sinadari shi ne daibutil talet, wanda gwaji a kan dabbobi ya nuna yana taɓa gaɓoɓin haihuwa na ɗan tayi namiji. An kuma samu ragowarsa da yawa a fitsarin masu shan ƙwayar, abin da ba abin mamaki ba ne ga mai haɗiyar ƙwaya shida zuwa goma sha biyu kullum. A 2012 FDA ta ba da shawarar a guje shi a magunguna, a 2013 aka janye Asacol mai miligiram 400 daga kasuwar Amurka, aka maye gurbinsa da Delzicol mai daibutil sebaket. Polimar ba ta sauya ba.

Gyare-gyaren da aka yi

Wasu kamfanoni sun kauce wa matsalar ta hanyar sauko da lamba. Ƙwayar Salofalk da Eudragit L aka rufe ta, tana buɗewa daga pH 6, don haka da wuya ta fita a rufe, amma tana fara zubar da magani tun a ƙaramin hanji. Pentasa ta bar pH gaba ɗaya, ƙananan tsaba ce masu rufin etil selulos da ke sakin magani sannu a hankali tun daga sama. Mezavant, wadda ake kira Lialda a Amurka tun 2007, ta riƙe rufin pH a waje amma ta sa maganin cikin wani curi mai narkewa a hankali. Kowace da abin da ta saya da abin da ta sayar. Akwai kuma haɗarin buɗewa da wuri, shi ya sa takardar Apriso, wani nau'in mesalazin, ta ce kada a haɗa shi da magungunan kashe tsamin ciki, kuma shi ya sa ba a tauna ko a fasa kowace irin waɗannan ƙwayoyi.

Gyaran da ya fuskanci matsalar kai tsaye daga Landan ya fito, kashi biyu. Na farko, aka cakuɗa Eudragit S da wani irin sitaci da ƙaramin hanjin mutum ba ya iya narkarwa amma bakteriyar babban hanji na cinyewa. A sama, polimar tana hana sitacin kumbura. In pH ya yi aikinsa a ƙarshen ƙaramin hanji, shi ke nan. In bai yi ba, bakteriya za ta ci sitacin ta bar ramuka a rufin. A gwajin 2008 a kan mutum takwas, a yanayin cin abinci iri uku, duk ƙwayoyin sun fashe a mahaɗar hanji ko cikin babban hanji. Wannan shi ne Phloral, kuma abin lura ne cewa ya koma ga bakteriyar da sulfasalazin ya dogara da ita tun zamanin Svartz.

Na biyu ya fi wayo. Tunda hanji ba shi da isasshen abin kwashe haidurojin, sai ƙwayar ta tafi da nata. Ana shimfiɗa wani rufi a ƙarƙashin na waje, na Eudragit S da aka riga aka kashe wa tsami, haɗe da gishirin fosfet. Da zarar ruwa ya fara ratsa rufin waje, na cikin ya narke ya samar da ɗan ruwa marar tsami a ƙarƙashi, sai rufin ya riƙa narkewa ta ciki da ta waje a lokaci guda. Ba ya sauya pH ɗin da ake farawa, jinkiri kawai yake ragewa, jinkirin kuwa shi ne asalin matsalar. Kamfanin Tillotts na Suwizalan ya haɗa dabarun biyu a ƙwayar mesalazin mai miligiram 1600.

Shin duk wannan ya sa masu ciwon sun fi warkewa? A nan dole a yi taka-tsantsan. Bitar Cochrane, wadda ta tattara gwaje-gwaje masu yawa, ba ta ga wani bambanci bayyananne tsakanin nau'o'in mesalazin ba, a amfani ko a illa. Ina ganin dalili biyu. Na ɗaya, giram-giram ake shan maganin, cikin ƙwayoyi da yawa, in ɗaya ta wuce a rufe sauran sun rufa mata asiri. Na biyu, gwaji matsakaici yake nunawa, mutum biyu ko uku cikin ɗari da ƙwayar ba ta buɗe musu ɓacewa suke yi a lissafi. Ga irin waɗannan, abin da likita zai yi shi ne ya sauya musu nau'i, ko ya ƙara da na sakawa ta dubura, wanda ba ruwansa da pH ɗin kowa.

Lissafin ya sauya ne da ƙwayar ta girma. Mai shan ƙwaya takwas in ya rasa ɗaya, kashi ɗaya cikin takwas ya rasa. Mai shan biyu in ya rasa ɗaya, rabin maganin ranar ya tafi. A gwajin da D'Haens da abokansa suka wallafa a 2017, a kan marasa lafiya 817, an kwatanta giram 3.2 a rana ta hanya biyu: ƙwaya biyu masu miligiram 1600 sau ɗaya, da ƙwaya takwas masu miligiram 400 a kashi biyu. An tsara gwajin ne don a nuna sabuwar ba ta gaza tsohuwar ba, kuma abin da ya nuna ke nan bayan mako takwas. Ribar da aka tabbatar ita ce ƙwaya biyu a maimakon takwas, a ciwon da ake shan maganinsa shekara da shekaru kuma mutane da yawa ke daina sha da zarar jini ya tsaya.